MUTANEN DA SUKA BAR CIN NAMA DOMIN IBADA

Duk wanda ya taɓa sauka a Sabon Shagamu domin sayen goro, to, ya yi kusa da wani gari da ake kira Ilishan, tafiyar 'yan mintoci ce a mota. A garin nan akwai wata babbar makarantar mishan wadda aka kafa a shekarar 1959, daga baya cikin 1999 ta zama Jami'ar Babcock. Dubban ɗalibai ne ke kwana suna tashi a cikinta, da yawansu kuwa 'ya'yan masu hali ne, amma a ɗakin cin abincinsu ba a ɗora tukunyar nama. Shinkafa da wake da doya da ganye su ne cimarsu, inda kuma ya kamata a ga tsoka sai a ga awara. Ba tsada ce ta hana ba. Masu makarantar, watau Kiristoci 'yan ɗarikar Adbentis masu zuwa coci ran Asabar, sun ɗauki barin nama a kan wani yanki na tsare jiki domin bauta wa Ubangiji.

Wannan labari zai yi wa 'yan Arewa mazauna Kurmi bambaraƙwai, domin kuwa da yawansu abincinsu a jikin dabba yake. Akwai fatake masu kawo shanu daga Potiskum da Maigatari da Mubi da Illela, akwai dillalai da 'yan kamasho a Agege da Badun da Anaca, akwai mahauta, ga kuma masu tsire waɗanda da zarar magariba ta yi fitilarsu ce ke haskaka kowace mararraba daga Obalande har Fatakwal. A wurin irin waɗannan, mutumin da ya ƙi nama alhali yana da kuɗin saye, ko dai marowaci ne, ko kuwa likita ne ya hana shi.

Amma fa a duniya akwai miliyoyin mutane masu hankali da wadata waɗanda suka ƙaurace wa nama saboda addini, kuma suna da hujjojinsu. Ya kamata a san su a kuma ji abin da suke cewa, sa'an nan a duba amsar da malamai suka bayar, domin a ƙarƙashin maganar akwai wata tambaya wadda ta shafi aljihun mahauci ta kuma shafi lahirarsa: wane hakki dabba take da shi a kan wanda zai ci ta?

MATAKI-MATAKI NE

Masu barin nama ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai waɗanda suka bar nama da kifi amma suna shan nono suna cin man shanu, wasunsu har da ƙwai. Akwai kuma waɗanda suka bar duk abin da ya fito daga jikin mai rai, watau har nono da ƙwai da zuma, ba su ma sa takalmin fata. Waɗannan na biyu su ake kira "bigan", sunan da wani Bature ɗan Ingila mai suna Donald Watson ya ƙirƙiro lokacin da shi da abokansa suka kafa ƙungiyarsu a watan Nuwamba na 1944. Hujjarsu a kan nono kuwa kowane Bafillace zai gane ta ko da bai yarda da ita ba: saniya ba ta ba da nono sai ta haihu, nonon kuwa asalinsa na maraƙi ne, kuma a manyan gidajen gona na Turai raba maraƙin ake yi da uwarsa tun yana ɗan kwanaki.

Dalilan barin ma sun bambanta. Wasu don tausayin dabbar, wasu don su karya sha'awar zuciyarsu, wasu kuwa don lafiya. 'Yan Adbentis, waɗanda aka tsara cocinsu a Amurka a 1863, sun fi karkata ga na ƙarshen. Ba su wajabta wa kowane mabiyi barin nama ba, kwaɗaitarwa suke yi, ko da yake sun hana naman alade da giya da taba. Wani bincike da aka buga a 2001 a kan mabiyansu na Jihar Kalifoniya ya nuna mazansu sun fi sauran mazan jihar tsawon rai da kimanin shekara 7, matansu kuwa da kimanin shekara 4. Sai dai ba za a jingina wannan ga barin nama kaɗai ba, tun da mutane ne da ba su busa taba, ba su kurɓar barasa. Likitoci kuma suna gargaɗin cewa wanda ya bar nama da nono da ƙwai gaba ɗaya dole ne ya nemi bitamin B12 a ƙwaya ko a abincin da aka ƙara wa shi, domin tsirrai ba su wadatar da shi, rashinsa kuwa yana jawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi.

MASU SHARE HANYA DON KADA SU TAKA ƘWARO

Ba inda wannan al'amari ya yi zurfi kamar ƙasar Indiya. Mutane da yawa suna zaton duk Ba'indiye ba ya cin nama, to, ba haka ba ne. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta buga a 2021 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne na manyan ƙasar suka ce ba su cin nama. Amma a cikin mabiya addinin Jain adadin ya kai kashi 92.

Mabiya Jain ba su da yawa. Ƙidayar 2011 ta same su kimanin miliyan huɗu da rabi, ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari biyu na jama'ar Indiya ba, amma sun yi fice a kasuwanci da ilmi. Babban malaminsu na ƙarshe shi ne Mahabira, wanda ya rayu shekaru ɗari biyar da wani abu kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ginshiƙin koyarwarsa suna kiransa "ahimsa", watau kada a cuci kowane mai rai. A ganinsu tururuwa da saniya da mutum duk rai ne ke cikinsu, kuma duk cutar da mutum ya yi wa wani rai tana manne wa nasa ran kamar yadda ƙura ke manne wa jiƙaƙƙen tufafi, ta hana shi tsira.

Saboda haka Bajaine na kirki ba ya cin nama, ba ya cin kifi, ba ya cin ƙwai, ba ya shan zuma. Da yawansu har albasa da tafarnuwa da dankali ba su ci, domin tuge su yana kashe tsiron ɗungum tare da ƙananan halittun da ke cikin ƙasa. A binciken nan na Pew kashi 67 cikin ɗari ne suka ce suna guje wa irin waɗannan saiwoyi. Masu tsanantawa ba su cin abinci bayan faɗuwar rana, don kada ƙwari su faɗa a ciki ba a gani ba, kuma ba su shan ruwa sai sun tace da ƙyalle. Malamansu masu gudun duniya a ƙasa suke tafiya ba takalmi, suna riƙe da tsintsiya mai taushi suna share inda za su zauna, wasu ɗarikunsu kuma suna rufe baki da farin ƙyalle.

Ba a hani kaɗai suka tsaya ba. Attajiransu suna kashe dukiya mai yawa wajen gina garake inda ake ajiye tsofaffin shanu da guragun dabbobi ana ciyar da su har su mutu don kansu. A tsohon birnin Delhi, a harabar wani jan ɗakin ibadarsu da ke fuskantar tsohuwar fadar sarakunan Mugal, akwai asibitin tsuntsaye inda ake ɗaure karayar tantabara kyauta.

Tasirinsu kuwa ya wuce yawansu. A wajajen 1583 Sarki Akbar, Musulmin da ya mulki Indiya daga 1556 zuwa 1605, ya karɓi baƙuncin wani malaminsu mai suna Hirabijaya, daga bisani ya hana yanka a wasu kwanaki na shekara domin girmama su. Haka kuma Mahatma Gandhi, ko da yake shi Bahinde ne, a gaban wani malamin Jain ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin ba zai taɓa nama ko giya ba kafin ta bar shi ya tafi karatu Ingila a 1888. Daga baya har nonon saniya ya bari, sai da ciwo ya kusa kai shi kushewa a 1918 sa'an nan ya yarda da na akuya.

INDA TAUSAYI YA ZAMA TILAS

To, amma idan mai tausayin dabba ya sami iko, ina makomar maƙwabcinsa mahauci? A nan ne gizo ke saƙar.

A Jihar Gujarat akwai wani gari mai suna Palitana, wanda mabiya Jain ke kai wa ziyara saboda ɗakunan ibada sama da 800 da ke kan dutsen da ke bayansa. A 2014 malamansu kimanin 200 suka shiga yajin cin abinci, suka ce ba za su sa komai a baki ba sai an rufe shagunan nama. Hukuma ta amsa musu, aka taƙaita yanka da sayar da nama, har jaridu suka riƙa kiran Palitana birnin farko a duniya da aka hana nama. Alhali kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen garin Musulmi ne, cikinsu akwai mahautan da suka gaji sana'ar iyaye da kakanni, ga kuma maganar layya. Tun kafin wannan ma, a 2008, Kotun Ƙoli ta Indiya ta tabbatar da ikon hukumar birnin Ahmedabad na rufe mayankan gwamnati har kwana tara a lokacin babban azumin mabiya Jain, bayan mahauta sun kai ƙara.

Abin ya fi muni a wajen wasu 'yan tsagera daga cikin Hindu masu da'awar kare saniya. A watan Satumba na 2015, a wani ƙauye kusa da Dadri a Jihar Uttar Pradesh, gungun mutane suka afka gidan wani magidanci Musulmi suka kashe shi a kan jita-jitar wai ya yanka saniya. Aka zubar da jinin ɗan Adam da sunan tausayin dabba, a ƙasar da take cikin na gaba-gaba a duniya wajen sayar da naman ɓauna zuwa ƙasashen waje. Gandhi kansa ya hango wannan tun 1947, inda ya ƙi goyon bayan a kafa dokar hana yanka saniya, bisa hujjar cewa Indiya ba ta Hindu kaɗai ba ce, kuma ba a ɗora wa wani addinin da ba nasa ba. Baƙon da ke zaune a ƙasar wasu yana neman abincinsa, shi ya fi kowa sanin darajar wannan magana.

AZUMIN HABASHA

A nahiyar Afirka kuwa, Kiristocin Habasha mabiya tsohuwar cocin ƙasar suna da nasu tsari. A kwanakin azuminsu ba su cin nama, ba su shan nono, ba su taɓa ƙwai ko man shanu. Suna yin haka kusan kowace Laraba da Jumma'a, da kuma babban azuminsu na kwana 55 kafin bikin Ista, da wasu lokuta dabam. In aka tara, talaka mai kiyayewa yana yin kimanin kwana 180 a shekara, limamai da masu zaman zuhudu kuwa har wajen kwana 250. A lokacin babban azumin mahauta da yawa rufe shaguna suke yi, jama'a su koma ga miyar wake da ganye da gurasarsu mai tsami.

Sai dai su ba su ce yanka laifi ba ne. Nufinsu shi ne horar da jiki da karya sha'awa. Ran da azumi ya ƙare kuwa kasuwar tumaki da kaji cika take yi maƙil, kuma Habashawa sun shahara da cin ɗanyen nama. Ashe ke nan ana iya barin nama domin Allah ba tare da an la'anci mai yanka ba.

MAKAHON MA'ARRA

A tarihin ƙasashen Musulmi ma an yi wani mutum wanda ya riga Donald Watson da shekaru kusan ɗari tara. Shi ne Abul Ala'i al-Ma'arri, shahararren mawaƙi kuma masanin lugga, wanda aka haifa a garin Ma'arra ta ƙasar Sham a 973. Agana ta makantar da shi tun yana ɗan shekara huɗu. Ya je Bagadaza ya yi kimanin shekara ɗaya da rabi, ya komo gida wajen 1010, daga nan ya kulle kansa a gida yana karantar da ɗalibai har ya rasu a 1057. Fiye da shekara arba'in bai ci nama ko kifi ko ƙwai ba, bai sha nono ko zuma ba. Cimarsa ita ce adas, wani ɗan ƙaramin wake, kayan zaƙinsa kuwa ɓaure.

Masu tarihi sun kawo cewa ya taɓa yin rashin lafiya, mai magani ya ce a dafa masa ɗan tsako. Da aka kawo, sai ya shafa shi da hannu, ya ce raunin tsakon aka gani shi ya sa aka rubuta shi a magani, don me ba a rubuta ɗan zaki ba? Ya ƙi ci.

Gab da rasuwarsa wani babban malamin daular Faɗimiyya ta Masar, mai suna al-Mu'ayyad, ya rubuto masa wasiƙu yana tuhumarsa, kuma Yaƙutu ya adana wasiƙun a littafinsa na tarihin marubuta. Al-Mu'ayyad ya tambaye shi ko shi ya fi Mahalicci tausayin halittarsa ne, tun da Shi ya halatta yanka, kuma Shi ya halicci zaki da shaho waɗanda ba su rayuwa sai da nama. Abul Ala'i ya amsa da dalili biyu. Na farko, dabba tana jin zafi tana gudun mutuwa, ya kuma ba da misalin tunkiyar da aka yanka ɗanta ta kwana tana kuka. Na biyu, shi talaka ne, abin da yake samu a shekara dinari ashirin da 'yan kai ne, mai yi masa hidima kuma yana ɗaukar wani kaso. Al-Mu'ayyad ya ce in don wannan ne zai sa a riƙa aiko masa da abinci mai kyau. Makaho ya yi godiya, ya ce ba ya bukata.

Malamai sun yi saɓani a kan aƙidarsa. Wasu sun zarge shi da zindiƙanci saboda wasu baitocinsa, wasu kuwa, kamar Ibnul Adim masanin tarihin Halab, sun rubuta littafi domin wanke shi. Rigimar ba ta mutu ba har wannan zamani, domin a 2013, cikin yaƙin Sham, 'yan bindiga sun sare kan mutum-mutuminsa da ke garinsu.

ABIN DA MALAMAI SUKA TABBATAR

Hukuncin Musulunci a kan asalin maganar a fili yake. Naman dabbobin ni'ima halal ne in an yanka da sunan Allah, layya kuwa a mazhabar Malikiyya sunna ce mai ƙarfi ga mai iko. A Sahihu Muslim an kawo labarin wasu sahabbai da suka so su tsananta wa kansu, wani ya ce ba zai yi aure ba, wani ya ce ba zai ci nama ba, Manzon Allah (S.A.W.) ya hana su. Saboda haka wanda ya ce nama haram ne, ko ya ɗauki barinsa har abada a kan hanyar neman kusanci, ya saɓa.

Amma ƙin ci dabam, haramtawa dabam. An kawo wa Manzon Allah (S.A.W.) naman damo bai ci ba, ya ce ba abincin ƙasarsu ba ne, ransa bai so, Halidu ɗan Walidu kuwa ya ci a gabansa bai hana shi ba. Wanda ransa bai son nama, ko likita ya hana shi, ba wanda zai tilasta masa. Daɗin daɗawa, cin nama kullum ba ɗabi'ar magabata ba ce. Nana A'isha ta ba da labarin akan yi wata biyu ba a hura wuta a gidajen Manzo ba, sai dabino da ruwa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Sayyidina Umar ya gargaɗi mutane cewa nama yana da jaraba irin ta giya. Imamu Gazali kuma ya kawo maganar da ake jingina wa Sayyidina Ali, mai nuna cewa barin nama kwana arba'in yana ɓata hali, dawwama a kansa kwana arba'in kuma yana ƙeƙasar da zuciya. Masu shiga halwa ma sukan ajiye nama na 'yan kwanaki, in sun fito su koma ci.

Inda shari'a ta fi tsanantawa shi ne yadda ake riƙon dabbar. Kowane almajiri ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, da kuma umarnin a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Shehu Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, ya jera hakkokin dabba a kan mai ita: ya ciyar da ita ko da ta tsufa ko ta yi ciwon da ba ta da sauran amfani, kada ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kada ya haɗa ta wuri ɗaya da abin da zai soke ta ko ya karya ta, ya kyautata makwancinta da mashayarta, kada ya yanka ɗanta tana kallo, kuma kada ya fara fiɗa sai rai ya gama fita.

DAGA KARA ZUWA MAYANKA

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abu ne mai sauƙi a yi wa Bajaine dariya don yana share wa tururuwa hanya. Abin da ya fi wuya shi ne a ɗauki jerin nan na Shehu Izzuddin a auna shi da abin da ke faruwa a hanyar Kurmi.

A zamanin da, shanu a ƙasa suke gangarowa suna kiwo suna shan ruwa, ko kuwa a taragun jirgin ƙasa bayan dogo ya isa Kano a 1911. Yanzu tirela ce. Daga Kano zuwa Ikko tafiyar kilomita dubu ce da ɗoriya, daga Mubi ko Potiskum kuwa ta fi haka, ga lalacewar hanya ga shingayen masu karɓar kuɗi. Sau da yawa akan cusa shanu fiye da kima, a ɗaure ƙaho a jikin ƙarfe, wuya a lanƙwashe, su yi kwana biyu ko uku ba ruwa ba ciyawa. Wadda ta faɗi sauran su tattake ta. In an iso, wadda ta kasa tashi a murɗe mata wutsiya ko a ja ta a ƙasa. A mayanka kuwa akan kayar da wata a yanka a gaban 'yar'uwarta, kuma likitocin dabbobi na jami'o'in ƙasar nan sun daɗe suna kuka a kan yawan shanu masu ciki da ake yankawa, a zubar da 'yan tayi a kwata. Kaji da zabi a rataye su kai ƙasa a bayan babur, ragunan layya a ɗaure su a rana a bakin titi har mako guda. Jakuna ma ba su tsira ba, saboda fatarsu da ake kai wa ƙasar Sin, har sai da shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairu na 2024.

Ba duka fatake da mahauta ke yin haka ba. Akwai masu tsoron Allah da ke tsayawa a hanya su shayar da dabbobinsu, su rage lodi ko da kuɗin mota zai ƙaru. Su ne kuma suka fi cin riba, domin zaluntar dabba hasara ce tun a nan duniya. Saniyar da ta yi kwanaki ba ruwa ramewa take yi, dillali kuwa da ido yake yanka mata kuɗi. Inda sanda ta sauka jini ke kwantawa, mahauci ya yanke ya yar. Fatar da ta sha ƙaho da ja a ƙasa ba ta da daraja a wurin majema. Bugu da ƙari, masana sun bayyana cewa akwai wani sukari da ke ajiye a tsokar dabba, wanda bayan yanka yake juyewa ya zama ɗan tsami mai tsare nama. Dabbar da ta galabaita ta riga ta ƙone wannan sukari, shi ya sa namanta ke yin baƙi-baƙi, ya bushe, ya yi saurin lalacewa. Mai tsiren da ya daɗe a sana'a yana gane irin wannan nama tun daga nesa.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 495 na kundin laifuffukan da jihohin Kudu suka gada tun zamanin Turawa ya sa duka da azabtarwa da yi wa dabba lodi fiye da kima a cikin laifuffuka, da hukuncin ɗaurin wata shida ko tarar Naira hamsin. Tarar ta zama abin dariya, kuma da wuya a ji an gurfanar da wani.

Saboda haka gyaran yana hannun masu sana'ar da shugabanninsu, watau sarakunan Hausawa na zango-zango, da sarakunan fawa, da shugabannin kara, da limaman masallatan kasuwa. Abubuwan da ake bukata ba su fi ƙarfinsu ba: kwamin ruwa a kowace kara, tudun sauke shanu maimakon a tunkuɗo su daga bayan mota, iyaka ga yawan da za a loda wa kowace tirela, a bar dabba ta huta ta sha ruwa kafin a kai ta ga wuƙa, a duba mace kafin a yanka, a kuma sa shamaki tsakanin wadda ake yankawa da masu jira. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin shiga a kan kowane kai, ba za ta kasa gina kwamin ruwa ba.

Bajaine ba zai ci tsire ba har abada, mahauci kuma ba zai bar wuƙarsa ba, kuma ba wanda ya ce ya bari. Amma dukansu sun yarda cewa abin da ke cikin tirelar nan rai ne, yana jin ƙishirwa, yana jin tsoro. Shi Bajaine ba a halatta masa yanka ba a addininsa, ya bari. Wanda aka halatta wa kuwa da sharaɗi aka halatta masa, kuma za a tambaye shi sharaɗin. Allah ya sa a gyara.